Ɗakin Ajiyar Baiwa

A unguwar Hausawa ta Fegge, cikin garin Anaca, in aka ce "gidan hannun jarirai" ba sai an yi wa kowa kwatance ba. Bene ne a ƙarshen layi, Alhaji Munzali dillalin albasa na kasuwar Ose Okwodu yana sama da iyalinsa, 'yan haya suna ƙasa. Alhaji yana da janareta, amma ba a jin kukansa sai ranar Sallah. Yana da halin hawa okada, amma a ƙafa yake zuwa kasuwa ya dawo, ko ana rana ko ana ruwa. In 'yan dako suka sauke masa mota, sai sun yi ta bin sa kamar masu roƙo kafin ya sallame su, sallamar kuma ba ta taɓa cika ba. Shi dai a bakinsa wannan duk tattali ne.

Matarsa Baiwa ta daɗe tana jin sunan da ake kiran gidan, tana kuma gaya wa ranta ba da ita ake ba. Ita 'yar Kano ce, goyon kaka, tun tana ƙarama aka koya mata cewa ƙanzo ma abinci ne. Albasar da ta fara laushi a rumfar Alhaji ita ke yankawa ta shanya a baranda, haka attaruhu da tattasai. Duk shinkafar da aka auno ta cefane sai ta ɗebi tafi guda ta zuba a wani bokiti mai murfi. A haka ɗan ɗakin da ke bayan kicin ya cika: shinkafa, wake, garin kwaki, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, manja a jarkoki, buhunan gawayi. Makullin yana ƙulle a bakin zaninta, ko wanka za ta shiga da shi take shiga.

A 'yan watannin nan ma ta ƙara matse hannu, don 'yarta ta fari, Munira, wadda ke aure a Fatakwal, ta zo gida haihuwa, ta kuma sauka lafiya. In ta yi arba'in za a mayar da ita ɗakinta, kuma Baiwa ta yi alkawari a ranta ba za ta bari dangin miji su ga 'yarta ta koma hannu rabbana ba. Ta san Alhaji, in ta jira shi ko gwangwanin manja ba za a samu ba.

Wata ranar Laraba maƙwabciyarsu Iya Tabawa, uwar Sagiru mahauci, ta hawo tana neman ɗan manja, ta ɗora tukunya nata ya ƙare. Baiwa ta shiga ɗakin ajiya ta ja ƙofa, ta fito da shi a ɗan murfin kwalba. Tsohuwar ta dubi murfin, ta yi godiya ta sauka. Munira na zaune tana ba jaririn nono, ta ce ba tare da ta ɗaga kai ba, "Umma, wallahi kin fara zama Abba."

Baiwa ta yi mata tsawa, ta ce yarinya ba ta san wuta ba sai ta taka. Amma maganar ta zauna mata a ƙirji kamar ƙashin kifi. Tana tankaɗe tana tunani, tana salla tana tunani. Shekara da shekaru tana kwana tana tashi da mutumin nan. Ashe zama da maɗaukin kanwa ya kawo mata farin kai ba ta sani ba?

Ana cikin haka kogin Kwara ya fara cika. Kowace damina yakan cika, amma na bana daban ne. Masu kamun kifi suka ce ruwan ya wuce inda suka saba ganin sa, kuma bai nuna alamar tsayawa ba. Kwatocin Fegge suka daina tafiya da ruwa, sai ma su dawo da shi. Da safe maza su fita bakin layi su kafa kara, kafin azahar karan ya nutse.

Ranar Asabar da sassafe Alhaji ya saka tsohuwar rigarsa ta shiga sito, ya naɗe wando. Mota guda ta albasa aka sauke masa a makon nan, duk tana jibge a sitonsa na Ose Okwodu, wanda ke gangare ta wajen kogi.

"Alhaji, don girman Allah ka ɗauki 'yan dako da mota a kwashe kayan nan," in ji Baiwa. "Jiya Sagiru ya ce kowa kwashewa yake yi."

"Kin san abin da suke cewa a ba su? Sun ga ruwa sun ga banza ta faɗi. Ni ba za a yi wannan cutar da ni ba."

"Ko me suka ce ai bai kai mota guda ta albasa ba."

"Ke dai ki kula da gida. Akwai katako a saman siton, da ƙarfina zan ɗora su." Har ya kai bakin matakala ya juyo. "Kuma in mutane sun fara hawowa, kar ki sake ki buɗe musu ƙofar abinci. Ba a san ranar da kasuwa za ta sake ci ba."

Bai daɗe da fita ba aka ji ihu daga ƙasa. Mama Ngozi, 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da busasshen kifi, wadda ke haya a ɗakin ƙofar gida, ita ce ke kururuwa da Turancin buroka, wai ruwa ya shigo: "Wata don enta! Wata don enta o!" Baiwa ta leƙa ta baranda. Layin nasu ya zama rafi, ruwa ja mai kauri yana tafe da robobi da takalma da wata matacciyar kaza. Mata na fitowa daga gidajen ƙasa da katifu a ka, yara a baya. Kuma kowa fuskarsa benen nan take kallo, don shi kaɗai ne mai sama a layin.

Ba wanda ya nemi izini, ba kuma wanda za a ce wa kar ya hau. Kafin hantsi ya dubi ludayi falo ya cika, baranda ta cika, matakala ta cika. Iya Tabawa da surukanta da jikoki, matan mahauta, matar ladan da tsohuwar uwarta da aka ɗauko a kujera, Mama Ngozi da kwandon kifinta da ta tsira da shi. Mazan suka tafi masallacin Juma'a da ke kan tudu da abin da suka iya ɗauka.

Baiwa ta kira wayar Alhaji, a kashe. Ta sake kira, a kashe. Sai ta tuna tun shekaranjiya aka ɗauke wuta, ta roƙe shi ya sayo fetur a tayar da janareta ko don a yi caji, ya ce waya ba abinci ba ce. Tata ma saura ƙiris ta mutu. Ta tsaya a baranda tana hangen hanyar kasuwa, babu abin da ake gani sai ruwa da kawunan mutane. Mutumin nan ya haura sittin, ga ciwon baya, ko iyo bai iya ba.

Azahar ta yi, yara suka fara kukan yunwa. Yawancinsu ko karin kumallo ba su yi ba ruwan ya tashe su. Iyayen na lallashi, wata ta ciro ragowar burodi jiƙaƙƙe tana gutsura musu. Ba wadda ta dubi Baiwa ta ce komai. Sun san gidan da suka shigo.

Mai jego dai dole ta ci. Baiwa ta lallaɓa kicin ta tura ƙofa, ta hura ɗan gawayi, ta dama kunun kanwa daidai cikin mutum ɗaya. Ta rufe kwanon da gefen mayafinta ta fito, sai suka yi ido huɗu da Iya Tabawa, wadda ke zaune a bakin ƙofar kicin da jikarta a cinya. Tsohuwar ta ga tururin da ke fita ta ƙarƙashin mayafin. Ta juya fuskar yarinyar zuwa bango, ita ma ta kau da kai, kamar mai kallon wani abu a taga.

Da zagi ta yi da ya fi wa Baiwa sauƙi. Ta shiga ɗakin Munira ta ajiye kwanon.

Munira ta dubi kunun, ta dubi uwarta. "Su fa na waje?"

"Ki sha ki ba yaron nan nono."

"Umma, yaya zan sha ina jin kukan 'ya'yan mutane?"

"Kina tsammani ni ba na ji?" Baiwa ta rage murya. "Kin san yawan mutanen da ke falon nan? In na buɗe ɗakin nan yau, ba mai rufe shi. Ruwan nan wa ya san ranar tafiyarsa? Kasuwa ta nutse, hanya ta yanke. In ya ƙare mu ci me, ke ki ci me? Ga ubanki ya ce kar in buɗe, ga shi ban ma san ko yana raye ba."

Munira ta bari uwar ta share ido, sannan ta ce a hankali, "To ajiyar nan don wace rana kika yi ta?"

"Don ranar komawarki."

"Ni na yafe."

"Ke kin yafe. Ai ba ke za a yi wa gori ba. Ni za a ce na mayar da 'ya kamar marainiya."

Ta fita ta koma baranda. Ruwan ya shanye matakala ta uku daga ƙasa, ya kama ta huɗu. Wani kwalekwale ya ratso layin, Sagiru na tsaye a ciki da wani masunci, ya zo duba uwarsa. Baiwa ta ƙwala masa kira, kunya duk ta bar ta.

"Sagiru! Don Allah, Alhaji yana sito tun safe, wayarsa ba ta shiga!"

Sagiru ya ɗaga kai. Ta san abin da ke tsakaninsu. Ko a Sallar da ta wuce sai da aka kai ruwa rana kafin Alhaji ya biya shi ladan fiɗar rago. Amma ya ce, "Bari mu duba, Hajiya. Gangaren can ya yi muni, amma bari mu duba." Suka juya kwalekwalen.

Ta bi su da kallo har suka sha kwana. Ga ɗan mutane ya tafi cikin ruwa neman mijinta, ga uwarsa a bakin kicin ɗinta da jika mai jin yunwa, an juya mata fuska bango. Baiwa ta ji hannunta ya kai bakin zani. Ƙullin ya yi tauri, shekaru ana ɗaure shi, sai da ta sa haƙori.

"Iya Tabawa," ta ce, "ki taso mini da surukanki. A sauko da babbar tukunyar suna."

Da ƙofar ɗakin ajiya ta buɗe matan suka yi cirko-cirko. Mama Ngozi ta dafe ƙirji ta ce, "Chineke! Hajiya, na maket yu kip fo hiya?" Wato, ya Allah, kasuwa kika ajiye a nan? Wata daga cikin surukan Tabawa, yarinya mai zafin nama, ta sunkuci jarkar manja za ta tuttula a tukunya. Baiwa ta riƙe hannunta.

"A'a. Ludayi biyu ya isa. Shinkafar ma a haɗa ta da wake, ta fi auki, ta fi riƙe ciki. Gawayin nan in an sauke a yayyafa masa ruwa, gobe zai sake ci. Yara da masu shayarwa da tsofaffi su fara, mu sai abin da ya rage."

Yarinyar ta taɓe baki ta dubi uwar mijinta, irin kallon nan na ai dama an faɗa. Iya Tabawa ta harare ta. "Yi yadda ta ce. Da irin hannunki ne da ba a tara abin da kike gani ba. Ba mu san kwana nawa za mu yi a nan ba."

Mama Ngozi ta jawo kwandonta ta zube kifi a faranti, ba wanda ya roƙe ta. Matar ladan ta ciro ƙullin gishiri da magi daga cikin kayanta. Kafin la'asar gidan ya ɗauki ƙamshi, kukan yara ya lafa. Baiwa na rabo, amma rabin hankalinta na kan layi. Duk kwalekwalen da ya gifta sai ta saki ludayi ta leƙa. Aka zo da labari wai wani sito ya rufta a Ose Okwodu, ba a san na wa ba. Ta shiga bayi ta yi kuka ta wanke fuska ta fito ta ci gaba da rabo.

Rana ta yi sanyi sannan suka dawo. Sagiru ne ya hawo da Alhaji a kafaɗa, jiƙe sharkaf, an ɗaure masa ƙafar dama da rigar masuncin, jini ya rine ta. Sagiru ya ce a saman buhuna suka same shi, ruwa ya kai ƙirji a cikin siton. Shi kaɗai ya yi ta ɗora albasa a kan katako har katakon ya karye da shi, wani tsohon kwanon rufi da ke cikin ruwan ya yanke shi. Tun da hantsi 'yan dako suka gama kwashe na maƙwabtansa suka wuce ta ƙofarsa. Ɗaya ya leƙa ya tambaye shi ko ya sake shawara, Alhaji ya ce a rage kuɗin, suka yi gaba.

Aka kwantar da shi a kan tabarma a falo, mata suka matsa. Yana haki, leɓɓansa sun yi fari. Sai idonsa ya sauka a kan kwanoni a hannun yara, ya bi ta kicin, ya ga ƙofar ɗakin ajiya a wangale.

"Baiwa." Muryar ba ƙarfi, amma kowa ya ji. "Wa ya ba ki izini?"

Baiwa ba ta taɓa mayar masa da magana a gaban mutane ba.

"Ba kowa, Alhaji. Da tafin hannuna na tara shi."

"Daga cefanen wa?"

"Naka. Na hana cikina, na hana 'ya'yana marmari, don ranar da za a rasa. To ga ta ta zo. In ban buɗe yau ba, ban san don me na tara ba."

Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta hana shi. Iya Tabawa ta matso da kwanon ruwan zafi da gishiri, ta durƙusa da ƙyar irin ta tsofaffi. "Alhaji, ɗana ya shiga ruwa har wuya ya ɗauko ka, bai yi ciniki da kai ba. Miƙo ƙafar nan, faɗan ya jira ka warke."

Da aka kwance ɗaurin, Mama Ngozi ta duba ta girgiza kai, ta ce wannan sai ɗinki da allura, kwano mai tsatsa ba abin wasa ba ne. Alhaji ya ce a sa masa gishiri kawai, asibitin kuɗi a irin wannan rana fatar mutum za su fiɗe. Baiwa ta zare 'yan kunnenta na zinare, gadon kakarta, ta ƙulle a gefen hankici ta miƙa wa Sagiru.

"Ka kai shi asibitin da ke kan tudu. In sun nemi abin ajiya ka ba su wannan. Ko ya ce a juyo kar ka juyo."

"Baiwa, kin haukace?"

"Sai ka dawo, Alhaji."

Kafin a sauka da shi Munira ta miƙo masa kwanon shinkafa da wake. Tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Ya dubi kwanon kamar zai ture, sai ya karɓa ya cinye tas, har yana suɗe yatsa.

Ruwan bai tafi da wuri ba. Ya yi makonni yana kwance a Fegge, sauro ya yi yawa, yara suka fara zawo. Kullum da safe Baiwa ta shiga ɗakin ajiya ta ga bokitai suna yin ƙasa, ta fito ta rage awo kaɗan ba tare da ta gaya wa kowa ba. Da shinkafa ta ƙare aka koma tuwon garin kwaki da miyar kuka, da manja ya ƙare aka ci haka nan. Akwai matan da suka yi ta gunaguni a bayan idonta, wai tana auna abinci kamar mai auna magani. Ta ji, ta yi kamar ba ta ji ba. Ranar da hanya ta buɗe motocin Arewa suka fara shigowa, abin da ya rage a ɗakin bai fi a yi tuwo sau biyu ba, amma ba wanda ya kwana da yunwa a benen.

Albasar Alhaji fiye da rabi ta ruɓe, sai da aka biya masu kwasar shara suka fitar da ita. Ƙafar ta warke da ɗingishi. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, a wajensa 'yan dako ne azzalumai. Ya daɗe yana fushi da Baiwa, sai da ya ga liman ya ambaci gidansa a gaban jama'a ana sa albarka, sannan ya fara cewa a majalisa, "Ai mu muka riƙe layin nan lokacin ruwa." Labarin ya dawo wa Baiwa ta bakin matar ladan, ta yi murmushi kawai. 'Yan kunnen dai sai da ta yi ta naci kafin ya je ya karɓo mata.

Cikin waɗanda suka ci tuwonta, wasu sun dawo sun yi godiya, wasu ko a hanya suka haɗu sai dai gaisuwar sama-sama.

Da mijin Munira ya zo daga Fatakwal ɗaukarta, kayan da aka fitar ba su cika bayan keke-napep guda ba: 'yar jarkar man gyaɗa, ƙullin yaji, da kilishin da Iya Tabawa ta sa Sagiru ya yi. Ƙanwar mijin da ta rako shi ta dubi kayan, ta dubi ɗan'uwanta. Baiwa ta ga kallon, ta ji shi har cikin ƙashinta. Ta gyara wa jaririn hula, ta ce wa Munira ta riƙa rufe masa kai a mota, iskar hanya ba ta da kyau. Ta tsaya a bakin layi, inda laka ba ta gama bushewa ba, har keken ya fita titi.